Dare a Tekun Atlantika: ka ɗaure kanka kafin ka fito

Aikina tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska ne, ina ɗaukar masu sha'awar doguwar tafiya a teku. Hanyar da na fi bi ita ce wadda ayarin jiragen ruwa na ARC ke bi tun 1990: daga Las Palmas a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya zuwa tsibirin Sant Lushiya a yankin Karibiyan, tazarar mil 2,700 na teku, wato kimanin kilomita 5,000. Ana tashi a ƙarshen Nuwamba, lokacin da kakar guguwa ke ƙarewa, iska kuma ta riƙa turo jirgi daga baya. Galibi tafiyar mako biyu zuwa uku ce.

Duk sabon matafiyi da guguwa yake fara tambayata, sai kifaye masu cin mutum. Ni kuwa abin da ke hana ni barci shi ne mutum ya faɗa ruwa da dare.

Mu yi lissafi. Jirgi mai gudun mil shida na teku a awa yana cin kusan mita 185 a minti ɗaya. Kafin a farka, a sauke ƙyallen da ke kama iska, a kwance sandar da ta tokare shi, a tada inji a juyo, mintoci sun shuɗe. Abin da ya rage a saman ruwa kan mutum ne kawai, bai fi ƙwallo ba, a tsakanin igiyoyin ruwa masu tsayin mita biyu ko uku. Ko da rana tsaka sai ka gan shi, sai ya ɓace. Da dare kuwa sai dai addu'a.

Kuma ba a cikin tashin hankali aka fi faɗawa ba. Mutum ya gaji, barci bai ishe shi ba, ya je bakin jirgi zai yi fitsari yana riƙe da hannu ɗaya, jirgi ya karkata. Shi ke nan. Don haka a jirgina akwai bayi a ciki, kowa can zai shiga, komai girmansa.

Dokata ba ta da sassauci. Rana na faɗuwa kowa ya sa rigar ceto, ya zarga madaurinta ta tsakanin cinyoyi, in ba haka ba rigar za ta haye kansa a cikin ruwa. Kafin ƙafa ta taka waje, a maƙala ƙugiyar igiyar jiki a jikin jirgi. Igiyar ta zama gajera. Doguwa tana bari ka zarme waje, jirgi ya yi ta janka a gefensa kana shan ruwa, abokan tafiya kuma su kasa ɗago ka. Ba mai zuwa gaban jirgi sai ya tada wani ya sa masa ido.

Kowace riga tana ɗauke da fitila, usur, da ƙaramar na'urar AIS mai nuna wa jirgi inda mutum yake. Tashar 16 ta rediyon VHF ta neman agaji ce, amma a tsakiyar teku ba lallai wani ya ji ka ba, shi ya sa muke ɗaukar EPIRB mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam.

Akwai masu cewa igiyar na takura su, su ai sun iya ninƙaya. Irin waɗannan nakan ce su jefa buhun da muka cika da igiya a ruwa tun muna kusa da gaɓa, su juya jirgi su ɗauko shi da kansu, ina riƙe da agogo.