Abin da Ke Faruwa Cikin Kwalba: Darasi a Kan Ruwan Inabi da Zoɓo

Duk wanda ya taɓa buɗe gorar zoɓo da ta kwana biyu a ɗaki ya san ƙarar nan ta "fuss" da ke fita, da kumfar da ke biyo baya, da ɗan warin da ke bugun hanci. Mutane kan ce zoɓon ya lalace. Malamin kimiyya kuwa zai ce zoɓon ya kama hanyar zama giya. Wannan darasi zai duba yadda hakan ke faruwa, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu da iyayenmu mata suna dafa zoɓo da kunun aya na sayarwa, musamman lokacin zafi ko in an yi bikin kamun kifi a Matan Fada, lokacin da baƙi ke cika Argungu.

Bari mu fara da waɗanda ke yin abin da gangan. A Ingila da Kanada da Amurka ana sayar da kwali na musamman ga mai son haɗa ruwan inabi a gida. A ciki akwai ruwan 'ya'yan inabi da aka kafe ya yi kauri, da ƙunshin yisti, da garin kashe ƙwayoyin cuta, da wata irin farar laka mai sa ruwa ya kwanta ya yi garau. Yawanci kwali ɗaya kan ba da lita 23, wato kwalabe 30 masu cin mililita 750, cikin mako huɗu zuwa takwas. Mu a nan ba girke-girken giya muke koyarwa ba. Ikilisiyoyinmu da yawa sun hana shanta, Jihar Kebbi kuma ta kafa shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Amma mai son hana ɓarawo shiga gida, gara ya san ƙofar da yake bi.

Ɓarawon shi ne yisti, wata ƙaramar halitta dangin naman kaza wadda ido ba ya gani. Shi ne dai mai gidan burodi ke sa wa ƙullinsa ya tashi. Yana nan a bawon 'ya'yan itace, a ƙura, a hannu, a bakin mazurari da ba a wanke ba. In ya sami sukari da ruwa da ɗumi, sai ya ci sukarin ya fitar da abu biyu: barasa da iskar kabon. 'Yan aji biyar da shida sun san lissafin:

C6H12O6 → 2C2H5OH + 2CO2

Ma'ana, giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iska. Kada giram 88 ya yi muku kaɗan a ido. In aka sake ta, iskar nan ta kusa lita 50. Ke nan giram 18 na sukari, abin da bai kai cokalin cin abinci biyu ba, zai iya haifar da iska kusan lita 5. Yanzu ku tura wannan iska cikin kwalbar rabin lita da aka toshe. Gorar roba za ta kumbura ta yi tauri kamar dutse. Ta gilashi kuwa tana iya fashewa, kuma ɓarɓashinta ba ya zaɓen ido ko fuska. Mutanen dā sun san haka tun kafin a san sunan iskar. A Matiyu sura 9 aya 17 akwai misalin sabon ruwan inabi da tsofaffin salkuna: tsohuwar fata ta bushe, ba ta iya miƙewa in iska ta taru.

Saboda wannan ne mai haɗa ruwan inabi ke sa wani ɗan lanƙwasasshen bututu mai ruwa a bakin tulunsa. Iskar ciki tana fita tana ɓulɓul, ta waje ba ta shiga. Yana kuma da ma'aunin kaurin ruwa, wani siririn gilashi da ke yawo a saman ruwan. Da farko yakan nuna wajen 1.085, saboda sukari ya sa ruwan nauyi. Sai ya sauka ƙasa da 1.000 ya tsaya cik na 'yan kwanaki kafin a ɗura a kwalba, domin a tabbata babu sauran sukarin da yisti zai ci a bayan murfi. In kuwa iskar waje ta shiga, wasu ƙwayoyin dabam su ne za su juya barasar ta koma ruwan tsami. Daɗi, sai barasa, sai tsami: hanyar da zoɓo, da bammi, da kunun zaƙi duk suke bi in an bar su.

Mutumin da ya tabbatar wa duniya cewa halitta mai rai ce ke wannan aiki shi ne Louis Pasteur na Faransa, tsakanin 1857 da 1860. A 1865 ya yi rajistar dabarar dumama ruwan inabi don kashe ƙwayoyin da ke ɓata shi. Shekara huɗu bayan haka, a 1869, wani likitan haƙori ɗan ikilisiyar Methodist a Vineland ta jihar New Jersey, Thomas Welch, ya ɗauki dabarar ya juya ta. Shi ba ya son barasa a teburin Jibin Ubangiji. Sai ya matse inabi, ya tace, ya ɗura a kwalba, ya dafa kwalaben tun kafin yisti ya fara aiki. Ruwan ya zauna da zaƙinsa. Da farko mutane ba su damu da abin ba, amma daga baya ikilisiyoyi da yawa suka karɓa, har yau kuma ana sayar da ruwan inabi mai sunan Welch's.

Abin da Welch ya yi, mai zoɓo ma za ta iya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dafa zoɓo da citta da kanumfari, a bari ya huce, sa'an nan a zuba sukari da ɗanyen ruwan abarba, a gauraya da ludayin da ke ajiye. Duk wahalar wutar ta tafi a banza, gama an kashe yisti an kuma gayyato sabo. A tace, a sa sukari da abarba, a mayar kan wuta ya sake tafasa. Kwalaben gilashi da murafansu a wanke su, a tafasa su minti 10, a ɗura zoɓon da zafinsa cikin kwalba mai zafi, a rufe, a kwantar da ita domin zafin ya taɓa murfi. Gorar roba ba ta jure wannan, takan motse. Zoɓon roba sai ƙanƙara, a kuma sayar da shi a ranar ko kashegari. Gorar da aka tsinto a bola ko bayan biki kuwa, ba wanda ya san bakin da ya sha da ita, ko fetur ko maganin ƙwari da aka taɓa zubawa ciki.

Wani abu kuma: kanwa. Wasu na sa ta don rage tsami da tsimin sukari. Ku gwada a ɗakin gwaje-gwaje, za ku ga jan zoɓo ya yi duhu in an sa kanwa, ya dawo ja wur in an matsa lemun tsami. Tsamin nan shi ne mai gadin zoɓo, domin yawancin ƙwayoyin da ke kawo ciwon ciki ba sa yaɗuwa a ruwa mai tsami. A ganina gara a ƙara ruwa da a sa kanwa.

Saura takardar jikin kwalba. A rubuta sunan abin sha, da kayan da ke ciki, da yawansa, da sunan mai yi da inda yake, da ranar da aka yi, da ranar da za a daina sha. Kowace tukunya a ba ta lambarta, domin in wani ya yi ƙorafi a san kwalaben da za a janye. Mai son kai kayansa kantunan Birnin Kebbi ko Sakkwato yana bukatar rajista da NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, kuma laifi ne a ƙaga lambarta ko a kwafi ta wani. A rubuta da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa, a lulluɓe takardar da farin salatif, gama kwalba mai sanyi tana gumi da zarar an fito da ita daga kula.