Malamin Islamiyya: Wa Ke Ɗauke Da Nauyinsa?

 

Duk wanda ya taso daga birnin Katsina da yamma ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, zai ga abin da zai faranta masa rai. Da an sallame La'asar sai ka ga yara ayari ayari, 'yan mata da hijabai iri ɗaya, yara maza da 'yan jakunkuna a rataye, kowa na sauri kada a rufe ƙofa. Da safe suna firamare, sun dawo sun ci abinci, yanzu kuma sun nufi Islamiyya. A can za su zauna har gab da Magariba suna bitar Alƙur'ani da Ahalari da Arba'una Hadisi, waɗanda suka yi nisa kuma suna Iziyya ko Risala. In dare ya yi, ko kuma ran Asabar da Lahadi da hantsi, sai iyayensu mata su karɓi ajin.

Mafi yawan makarantun nan ba gwamnati ta gina su ba. Wani ya ba da zaure, wani ya ba da fili, matasan unguwa suka buga bulo, wani attajiri ya sayi kwano. Abin alfahari ne. To amma tambayar da za mu yi nazari a kanta a wannan mako ita ce: shi mutumin nan da ke tsaye gaban allo da alli a hannu, wa ke ciyar da shi?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san hukuncin aikin da ya ke yi. Tarbiyyar yaro da koya masa farillan addininsa tun asali nauyi ne a kan mahaifinsa. A aya ta 6 cikin Suratut Tahrimi Allah Maɗaukakin Sarki ya umurci muminai da su tsare kawunansu da iyalansu daga wuta, malaman tafsiri kuwa sun bayyana cewa hanyar tsarewar ita ce koyarwa da ladabtarwa. Amma ba kowane uba ne ya iya karatu ba, wanda ya iya ɗin ma yana gona ko kasuwa. Saboda haka samar da wanda zai zauna ya karantar da yaran gari ya zama farali na kifaya, watau wajibin da in waɗansu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya yi biris to laifi ya hau kan kowa. Ke nan malamin Islamiyya wani nauyi ne ya ɗauke wa unguwa gaba ɗaya, har da wanda ba shi da ɗa ko ɗaya a makarantar.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu, wai aikin Allah ne, ba a biya. Da yawa masu faɗin haka ba su taɓa ce wa magini ko kafinta ya yi aikin masallaci kyauta ba. Imamu Malik, wanda mazhabarsa mu ke bi a ƙasar nan, ya halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, kuma hujjar tana cikin hadisin Abdullahi ɗan Abbas wanda Buhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa Littafin Allah shi ne mafi cancantar abin da za a karɓi lada a kansa. Gaskiya ne malaman farko na mazhabar Abu Hanifa sun hana, amma na bayansu da suka ga an daina ba malamai rabonsu daga baitulmali, suka ji tsoron kada karatu ya tozarta, sai su ma suka yi fatawa da halacci.

Kakanninmu sun gane wannan. A makarantar allo akwai kuɗin Laraba da kowane yaro ke kawowa kafin a tashi hutun Alhamis da Juma'a. Akwai sadakar da a ke yi in yaro ya kai wata sura, akwai ta sauka, ga damin hatsi da kaka, ga taimakon noma a gonar malam. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma tsari ne da kowa ya sani, kuma a zamanin da malam ke noma abin da zai ci, ya wadatar. Da aka zo da tsarin Islamiyya mai aji da benci da rajista, wanda irin su Malam Aminu Kano suka fara a Kano wajen shekarar 1950, ya kuma bazu bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, sai aka mai da kuɗin Laraba ya koma kuɗin wata. Aka ɗauki sunan, aka bar sauran. Damin hatsi ya tafi, noman gayya ya tafi, sai ɗan abin da a ke karɓa, wanda shi ma rabin iyaye ba su kawowa.

Na taɓa zama cikin kwamitin wata makaranta irin wannan, ba sai na ambaci sunanta ba. Muna da wani malami matashi, mahaddaci, mai haƙuri da yara, wanda ajinsa ya fi kowane aji cika. Aka yi wata uku ba a ba shi ko kwabo ba. Bai yi ƙorafi ba, sai dai muka ga ya fara makara, daga baya muka ji ya karɓi babur yana haya. Ran da ya zo sallama ya ce mana matarsa ta haihu, kuma ba zai iya duban mai shago ba saboda bashi. A cikin wannan shekarar kuwa muka yi walimar sauka, aka yi anko, aka kafa rumfuna, aka ɗauko lasifika, aka yanka abin yankawa. Da na zauna na lissafa daga baya, abin da iyaye da kwamiti suka kashe a yini ɗaya ya isa ya biya malamin nan watanni masu yawa. Ni ma ina cikin waɗanda suka sa hannu a takardar walimar, don haka ba wani na ke zargi ba.

Idan malami ya tafi, ba a rufe makaranta ran nan. Sai a ɗauko wani ɗalibi babba a ce ya riƙe ajin. Shi kuwa bai gama gyara karatunsa ba, bai san yadda a ke bi da yaro ba, abin da ya sani kawai bulala. A haka yaro zai shekara huɗu yana zuwa, ya fito bai iya Fatiha daidai ba, iyaye kuma su ce makarantun yanzu ba su da albarka.

Malaman mazhabarmu ba su bar wannan babi ba. Muhammadu ɗan Sahnunu, mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta ɗan littafi mai suna Adabul Mu'allimina, a kan haƙƙin malamin yara da abin da ke kansa. A ciki ya yi bayanin ladan malami da lokacin hutu, ya wajabta masa daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya hana shi aiken yara cikin bukatun kansa, ya kuma iyakance dukan ladabtarwa a kan karatu kada ya wuce uku sai da izinin uba. Abin lura a nan shi ne, sharuɗɗan nan duka an gina su ne a kan cewa akwai yarjejeniya, an biya malam haƙƙinsa, saboda haka a ke da bakin tuhumarsa. Mu kuwa muna son mu tuhumi wanda ba mu biya ba. Af, ita kanta Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda dattawa ke zama a zaure suna karanta da tsantseni, asalinta wani malamin yara ne ya roƙi a rubuta masa domin almajiransa ƙanana.

To mece ce mafita? Shari'a ta riga ta buɗe ƙofa, ita ce wakafi, wanda littattafanmu na fiƙihu ke kira hubusi. Asalinsa Sayyidina Umar ya sami wata gona mai daraja a Haibara, ya nemi shawarar Annabi, aka nuna masa ya tsare asalin gonar, kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada, amfaninta kuwa ya tafi sadaka. Da irin wannan aka riƙe manyan makarantun duniyar Musulmi ɗaruruwan shekaru. A ƙasa irin tamu ta noma, ba sai an jira miloniya ba. Gona ɗaya a bakin madatsar ruwa ta Zobe da a ke noman rani, ko shago biyu a bakin kasuwa, ko ɗakunan haya kusa da inda ɗalibai ke zama a Dutsin-Ma, in an tsayar da kuɗinsu a kan albashin malamai, makaranta ta huta da bara. Mazhabar Malik ma ta sauƙaƙa ƙwarai, domin ta yarda mutum ya yi wakafi na ƙayyadadden lokaci. Mai shago yana iya cewa hayar shagon nan ta shekara biyar ta makaranta ce, bayan nan ya koma hannunsa.

Sai dai akwai wani sharaɗi da jahiltarsa ta rushe makarantu da yawa, ina roƙon mai karatu ya riƙe shi da kyau. A mazhabarmu kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai an karɓe su, watau abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga hannun waɗanda aka ba ko wakilinsu. In mutum ya ce ya ba da fili ko gona, amma ya ci gaba da riƙe abinsa har ciwon ajali ya kama shi ko ya rasu, to kyautar ta ɓaci, ta koma gado. Abin da ya bayar yana cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya ya ke ɗauka, ba ya wuce sulusin dukiya. Sau nawa muka ji dattijo ya ce a gaban jama'a ya ba makaranta fili, aka yi kabbara aka watse, ba takarda ba shaida, bayan rasuwarsa magada suka zo da mai awo? Kuma sau da yawa su ne da gaskiya a gaban alƙali. Saboda haka ran da aka yi alkawari, ran nan za a rubuta, shaidu su sa hannu, mai unguwa da dagaci su sani, a kai takarda ofishin hakimi, na Yandaka in a ƙasar Dutsin-Ma ne, na Maraɗi in a ƙasar Kurfi ne, sa'an nan kwamiti ya karɓi wurin a aikace, ko da shinge ne ya kewaye.

Game da zakka kuwa, a yi hattara. Malamanmu ba su yarda a gina aji ko masallaci da ita ba, ba a kuma mai da ita albashi. Amma malamin da ke cikin talauci yana da haƙƙi a cikinta saboda talaucinsa, kamar kowane mabukaci, har ma ya fi cancanta a tuna da shi ran fitar da zakkar hatsi.

Ba kuɗi kaɗai a ke bayarwa ba. Dutsin-Ma gari ne da Allah ya tara wa masu ilmi. Ga Kwalejin Horon Malamai mai sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe ma'aikatar ilmi ta Jihar Arewa zamanin Sardauna, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ɗalibin da a ke koya wa aikin malanta, me zai hana ya ba makarantar unguwar da ya ke haya awa biyu a mako, ya zauna da yaran da suka kai aji biyar na firamare ba su iya haɗa baƙi ba, ya koya musu karatu da lissafi? Kada wani ya ce wannan ba aikin Islamiyya ba ne. Bayan yaƙin Badar, fursunonin Makka waɗanda ba su da abin fansa, an sa kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu a bakin fansarsa. Mushirikai ne a lokacin, ba tauhidi suka koyar ba, alƙalami suka koyar, kuma Annabi ya ɗauke shi daidai da dukiya.

Ajin matan aure shi ne ya fi shan wahala in kuɗi ya yanke, domin shi a ke fara rufewa. Alhali kuwa tun a Madina mata suka roƙi Annabi ya ware musu rana tasu, ya kuma ware. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa masu karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna koyar da mata a gidajensu. Uwar da ta iya karatu ita ce ke tambayar yaro abin da aka biya masa yau, ita ce kuma ke yanke shawarar ko yarinya za ta ɗauki tallar yamma ko za ta tafi makaranta.

Ga kuma waɗansu yaran da ba a lissafa da su ba sa'ad da a ke yanka kuɗin wata. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, har aka kai ga sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, iyalai da yawa sun baro gidajensu sun raɓa da 'yan'uwa a cikin garuruwa, cikinsu har da marayu. Makarantar da ke rayuwa a kan kuɗin wata kaɗai dole ta kore su ko ta ƙi biyan malami, ba ta da hanya ta uku. Wadda ke da gona ko shago a bayanta tana iya rubuta sunansu a rajista ba tare da ta tambayi ko sisi ba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba sharuɗɗan naziri, watau mai kula da dukiyar wakafi: wa ke naɗa shi, me ya halatta ya ci daga ciki, da kuma yadda jama'a za su tuɓe shi in ya ƙi kawo lissafi.