Yadda Tsirrai Ke Aika Saƙon Lantarki Ba Tare da Jijiya Ba

Idan tsutsa ta fara cin ganye ɗaya a jikin tsiro, cikin 'yan mintoci sauran ganyayen da ba ta taɓa ba sukan fara haɗa sinadaran kare kai. Tsiro ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi kuma da jijiyoyi irin na mutum ko dabba, amma labarin yakan isa. Abin da masana suka gano shi ne, wani ɓangare na wannan saƙo lantarki ne ke ɗauke da shi, kuma tushensa wasu ƙananan ƙofofi ne da ke jikin kowace ƙwayar halitta. Wannan darasi zai bayyana yadda ƙofofin suke aiki, da yadda bincike a kansu ya haifar da fasahar sarrafa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da haske.

Kowace ƙwayar halitta ƙaramin batir ce

Jikin tsiro, kamar na dabba, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani. A ciki da wajen tantanin akwai ruwa mai ɗauke da gishiri iri-iri. Idan gishiri ya narke a ruwa, yakan rabu zuwa ƙananan ɓarɓashi masu cajin lantarki, waɗanda ake kira aiyon. Potasiyam da kalsiyam da sodiyam suna da caji mai alamar tarawa, kuloraid kuma yana da caji mai alamar ɗebewa.

Ƙwayar tsiro tana da wani famfo a jikin tantaninta wanda ke amfani da makamashi wajen tura aiyon ɗin haidurojin waje ba dare ba rana. Wannan ne ke sa cajin ciki ya yi ƙasa da na waje, kamar kai biyu na batir. A ƙwayar jijiyar mutum bambancin ya kai kimanin milibolt 70. A tsirrai yakan wuce milibolt 120, wani lokaci ma ya kusanci 200. Don kwatance, batirin tocila na da milibolt 1,500.

Aiyon ba ya iya ratsa tantanin haka kawai, sai ta wasu ƙofofi na furotin. Kowace ƙofa tana da irin aiyon ɗin da take bari ya wuce, kuma tana da abin da ke buɗe ta: wata taɓawa ce, wata sinadari, wata canjin caji, wata kuma haske. Da ƙofofin wani wuri sun buɗe, aiyon ya kwarara, cajin wurin ya canza, wannan canji kuma ya buɗe ƙofofin da ke maƙwabtaka. Haka saƙon ke tafiya daga wuri zuwa wuri.

Abin da gansakuka ta koya wa masana

Gansakuka, wato koren tsiron nan da ake gani a tafki da kududdufi, iri-iri ce. Akwai nau'o'i biyu masu suna Chara da Nitella waɗanda ƙwayarsu ɗaya tak takan kai tsawon santimita da dama. Girman nan ya ba masana damar soka siririyar allurar awo cikin ƙwaya guda, abin da ke da wuya a ƙananan ƙwayoyi.

A shekarar 1938, masana biyu a Amurka, Kenneth Cole da Howard Curtis, sun auna ƙwayar Nitella, suka ga cewa a daidai lokacin da saƙon lantarki ke wucewa, tantanin yakan saki jiki ya bar caji ya ratsa shi cikin sauƙi. Sai a shekarar da ta biyo baya suka maimaita awon a jijiyar wata dabbar teku mai suna sukwid. A kan irin wannan jijiya ce Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila suka fitar da cikakken bayanin saƙon jijiya a 1952.

Ƙa'idar ɗaya ce, amma kayan aikin sun bambanta. A jijiyar dabba, sodiyam ne ke shiga, sannan potasiyam ya fita, kuma komai ya ƙare cikin kashi ɗaya ko biyu bisa dubu na sakan. A gansakuka da tsirrai, kalsiyam ne ke fara ƙaruwa a cikin ƙwaya, ya buɗe ƙofofin kuloraid, kuloraid ya fita, daga baya potasiyam ya bi shi don a koma daidai. Wannan yakan ɗauki sakan guda ko fiye. Saƙon wasu jijiyoyin mutum yana gudun mita 100 a sakan, na tsiro kuwa yawanci santimita kaɗan ne ko ma ƙasa da haka.

Ganin ƙofa ɗaya tilo tana buɗewa da rufewa ya yiwu ne a 1976, lokacin da Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus suka ƙirƙiro dabarar manna bakin siririn bututun gilashi a jikin tantani. Sun samu lambar Nobel a 1991. A 1984 aka yi amfani da dabarar a ƙwayoyin ganyen wani nau'in wake, aka auna ƙofofin potasiyam na tsiro kai tsaye.

Tsiron da ke ƙirga taɓawa

Misali mafi shahara shi ne Dionaea muscipula, tsiro mai kama ƙwari da ke fitowa a fadamun jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Ganyensa kamar tarko yake, mai murfi biyu, kuma a cikin kowane murfi akwai 'yan gasu, yawanci uku. Tun a 1873 John Burdon-Sanderson ya auna saƙon lantarki a wannan ganye, bayan Charles Darwin ya ja hankalinsa gare shi.

Idan ƙwaro ya lanƙwasa gashi ɗaya, ƙofofin da ke gindin gashin sukan buɗe, saƙo ya bazu a ganyen, amma tarkon ba ya rufewa. Sai an sake taɓawa cikin kimanin sakan 30 sannan ya rufe, cikin ƙasa da sakan guda. Hikimar a fili take: ɗigon ruwan sama ko ɓarɓashin ganye ba zai sa tsiron ya ɓarnatar da ƙarfinsa a banza ba. Tawagar Rainer Hedrich a Jami'ar Würzburg ta Jamus ta nuna a 2016 cewa ƙirgar ba ta tsaya nan ba, domin sai saƙonni sun kai wajen biyar kafin ganyen ya himmatu wajen haɗa sinadaran narkar da abinci. A 2020 kuma masana a Japan suka nuna inda ƙirgar ke zama: taɓawar farko tana ƙara kalsiyam a cikin ƙwayoyi, sai ya riƙa raguwa a hankali. Idan ta biyu ta zo kafin ya sauka, jimillar ta haye mizanin da ke rufe tarkon.

Saƙon rauni daga ganye zuwa ganye

Tsirrai na yau da kullum ma suna da wannan tsari. A 2013 tawagar Edward Farmer a Jami'ar Lausanne ta Suwizalan ta manna wayoyin awo a ganyen wani ƙaramin tsiron gwaji mai suna Arabidopsis. Sun ga cewa rauni a ganye ɗaya yana tura saƙon lantarki zuwa wasu ganyaye, inda yake tayar da sinadarin kariya mai suna jasmonet. Da suka lalata ƙwayoyin gadon wasu ƙofofi da ake kira GLR, saƙon ya daina isa yadda ya kamata. Waɗannan ƙofofi dangin waɗanda sinadarin gulutamet ke buɗewa ne a ƙwaƙwalwar mutum. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy suka ɗauki bidiyon igiyar kalsiyam tana bin jikin tsiron da saurin kimanin milimita ɗaya a sakan, bayan gulutamet ya tsiyayo daga wurin raunin. Wannan kamanni bai nuna cewa tsiro na tunani ko jin zafi ba, domin babu wata cibiya irin ƙwaƙwalwa da saƙonnin ke taruwa a cikinta.

Daga kududdufi zuwa asibitin ido

Wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya, Chlamydomonas, tana iyo da gashi biyu zuwa inda haske yake. A 2002 da 2003, Georg Nagel da Peter Hegemann da Ernst Bamberg a Jamus suka nuna cewa tana da furotin wanda shi kansa ƙofa ne, kuma haske ne ke buɗe shi. A 2005 Edward Boyden da Karl Deisseroth da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford suka dasa ƙwayar gadon wannan ƙofa a ƙwayoyin jijiya, suka riƙa kunna su da shuɗin haske kamar maɓalli. Ana kiran fasahar optojenetik, kuma ta zama babban makami a binciken ƙwaƙwalwa. A 2021 likitoci a Faransa suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 58 da ciwon ido na gado ya makantar, wanda aka sanya wa irin wannan ƙofa a ido. Da taimakon tabarau na musamman mai kyamara, ya iya gano abubuwan da aka ajiye a kan tebur, ya ƙirga su, ya taɓa su.

Amfaninsa ga gona

A jikin ganye akwai ƙananan ramuka da tsiro ke shaƙar iska ta cikinsu, kuma ta nan yake asarar mafi yawan ruwansa. Kowane rami ƙwayoyi biyu ne ke gadinsa. Idan fari ya matsa, wani sinadari da ake kira ABA yakan sa wata ƙofa mai suna SLAC1, wadda aka gano a 2008, ta buɗe. Kuloraid ya fita, potasiyam ya bi, ruwa ya bi bayansu, ƙwayoyin biyu su saki, ramin ya rufe. Gero da dawa da wake da ake nomawa a yankin Sahel duk da irin wannan tsari suke tattalin ruwa, shi ya sa masu neman iri mai jure fari ke bibiyar waɗannan ƙofofi.

Masu ƙera na'urori ma sun shigo ciki. A 2021 masana a Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo sun manna wata lallausar na'ura a ganyen tsiron nan mai tarko, suka sa shi rufewa da umarni daga wayar salula. Burinsu shi ne irin wannan na'ura ta riƙa karanta saƙon lantarkin amfanin gona, ta sanar da manomi cewa shuka na cikin matsala tun kafin alamar ta bayyana a ganye.