Sha Ka Fashe Na Kwance Wa Jiki Ɗamara

Talatar da ta wuce aka kawo mini wata yarinya 'yar shekara 21, saura wata guda bikinta. Fuska ta yi suntum, wuya ya yi kauri, ciki ya fito, ƙafafu kuwa sirara. Cinyoyi duk nanƙarwa, ga wani maruru da ya fi sati uku yana zubar da mugunya. Na ce ta buɗe baki, harshe ya yi fari fat da fumfuna. Tari kuma wata biyu ke nan tana yi.

Mahaifiyarta ta ce, "Likita, jifa ce, tun da aka sa rana abin ya fara." Na ce, "Hajiya, wane magani take sha?" Ta rantse babu. Sai da na roƙe ta ta ɗan ba mu wuri, yarinyar ta zaro ƙullin leda daga jaka. Dexamethasone ce, wato sha ka fashe, safe da dare, wata biyar cur! Ƙawarta ta haɗa ta da wani mai kemis, wai kada dangin ango su ce amarya ta rame.

Muka auna sukari, ya hau. Aka kai majina gwajin GeneXpert, tarin fuka ya tabbata. Kuma duk wannan hali jikinta ko ɗumi bai yi ba, shi ya sa gida ba a tashi da wuri ba. Maganin ya kashe zazzaɓin da zai yi ƙararrawa.

Wallahi raina ya ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, amma yawancinsu lafiya lau suke, domin fararen ƙwayoyin jini sun kewaye ta a huhu, sun yi mata katanga, ta zauna shekaru ba motsi. Fumfunar bakin nan ma da yawanmu muna ɗauke da ita, garkuwar jiki ce ke danne ta. Dexamethasone aikinta ke nan, kwantar da garkuwa. Mu ma muna ba da ita, amma da dalili, da awo, da ranar dainawa. Mai kemis ɗin nan ya san haka? Ko ya sani kuɗi ne suka rufe masa ido?

Wannan cikar jikin ba ƙiba ba ce, ruwa ne da kitsen cuta.

In kina shan dexamethasone, kada ki yanke rana ɗaya. In kin daɗe kina sha, jikinki ya daina samar da sinadarin cortisol ɗinsa, jini zai iya faɗuwa a rasa ki. Ki zo asibiti a rage miki a hankali. Na sake faɗa, kada ki yanke da kanki. Masu shafa man bilicin, ku ma ku kula, da yawansa akwai sinadari irin na dexamethasone a ciki. Tarin da ya kai sati biyu a je a gwada, gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati. Iyaye mata, ku riƙa leƙa jakar 'ya'yanku, musamman in an sa rana.

Yarinyar tana kwance a wurinmu, an ɗora ta a kan maganin wata shida. Biki kuwa an ɗaga.