Yadda Ake Bibiyar Labaran Iyaka da RSS a Waya

Da aka rufe iyakar Illela da Birnin Konni bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, jita-jitar buɗewa ta yi ta yawo a WhatsApp. Wanda ya yi lodin albasa a kan ji-ta-ji-ta, kayansa ne za su ruɓe.

RSS tana tattaro sabbin labaran shafukan da mutum ya zaɓa wuri guda, ba sai ya ci data wajen zagaye ba.

1. A sauke manhajar Feedly ko Inoreader.
2. A saka adireshin jaridar da aka amince da ita. Idan shafin WordPress ne, a ƙara /feed a ƙarshe.
3. Kafin a tura wa abokan kasuwa labari, a duba kwanan watansa, sannan a haɗa da adireshinsa na asali.