Minti biyun da ake jira kafin tashi

Lokacin jigilar alhazai a filin jirgin saman Kaduna, za ka iya ganin an tsayar da jirginku bayan wani ƙaton jirgi ya ɗaga. Kada ka yi tsaki. Fikafikan babban jirgi kan bar guguwa biyu a bayansa, ido ba ya ganinsu, amma sukan karkatar da ƙaramin jirgi. Shi ya sa ake barin tazarar aƙalla minti biyu.

A Nuwamba 2001 jirgin American Airlines ya shiga irin wannan iska a New York, matuƙi ya matsa wa wutsiyar jirgin har ta ɓalle, mutum 265 suka rasu.

Saboda irin wannan iska, ɗaure bel ɗinka tamau, ka duba na yaronka, kada ka miƙe sai an kashe alamar bel.