Ƙuda da Abincin Musulmi: Abin da Shari'a Ta Ɗora wa Maigida da Mai Sayar da Abinci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda bai halicci kome don wasa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, karatunmu na wannan mako a kan wata 'yar halitta yake wadda kowa ya raina, alhali kuwa tana cin abinci tare da mu a akushi ɗaya, watau ƙuda. Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Sakkwato, ko Kasuwar Daji inda ake sayar da nama da kayan miya, ko ya bi ta lungunan Mabera da Tudun Wada da Runjin Sambo a lokacin mangwaro ko farkon damina, ba ya bukatar a ba shi labari. Mun saba da ganinsa har mun daina ƙyamarsa, har ma akwai masu kafa hujja da Hadisi don su kare sakacinsu. Wannan shi ya sa ya wajaba mu duba abin da addini ya ce da idon basira.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci ƙuda a cikin Suratul Hajji, aya ta 73, inda ya buga misali da shi don ya nuna gazawar abubuwan da ake bauta wa ba Shi ba. Ma'anar abin da ayar ta ƙunsa ita ce, ko sun taru gaba ɗaya ba su iya halittar ƙuda guda, kuma in ya ƙwace musu wani abu ba su iya karɓo shi. Ashe ke nan halittar da Alƙur'ani ya kira mu mu yi tunani a kanta ba abin wofintarwa ba ce. Bari mu fara da sanin yadda take rayuwa.

Yadda ƙuda ke yaɗuwa

Masana sun tabbatar da cewa macen ƙuda takan saka ƙwai wajen 100 a zama ɗaya, kuma takan kai kamar 500 kafin ta mutu. Ba ta saka su sai a wuri mai laima da ruɓa: bayan gida, kashin dabbobi, tumbin da aka zubar, ragowar abinci, ko juji. Cikin yini guda ƙwan kan ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, sa'an nan cikin kwana 7 zuwa 10, in akwai ɗumi irin na ƙasarmu, tsutsar ta riga ta zama ƙuda mai fiffike. Watau sharar da aka bari ta yi mako ɗaya a ƙofar gida ta isa ta haifar da rundunar da za ta dami unguwa duka, domin ƙuda kan yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu wajen neman abinci.

Ƙuda ba shi da haƙori, ba ya iya cin abu mai tauri. In ya sauka a kan tuwo ko nama sai ya amayar da abin da ke cikinsa a kai don ya narkar da shi, sa'an nan ya tsotse. Yana cikin haka yana kashi. Ƙafafunsa kuwa suna da gashi wanda ƙazanta ke maƙalewa a ciki. To, wanda ya tashi daga bakin masai yanzu, shi ne zai sauka a bakin ƙwaryar fura ko a leɓen jariri. Ta wannan hanya yake taimakawa wajen yaɗa gudawa, da atuni, da zazzaɓin taifot, da kwalara. Gaskiya ne gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar hanyar kwalara, amma abincin da aka bari a buɗe ƙofa ce ta biyu. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka ƙiyasta fiye da mutum 100,000 sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Jihar Sakkwato na cikin waɗanda abin ya shafa ƙwarai.

Akwai kuma wani irin ƙaramin ƙuda mai son idon yara da majinarsu, wanda ya fi hayayyafa a bayan gidan da aka yi a fili. Shi ke ɗaukar ciwon nan na amosanin ido daga wannan yaro zuwa wancan, ciwon da in ya daɗe yakan juya gashin ido ciki ya yi ta gogar ƙwayar har mutum ya makance. A wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Gambiya, wanda aka bayyana a 1999, an ga cewa da aka rage ƙuda sai wannan ciwo ya ragu, gudawar yara ma ta ragu.

Hadisin ƙuda da yadda ake fahimtarsa

Yanzu sai mu zo ga hujjar da akan kafa. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, Hadisin da ke nuna cewa in ƙuda ya faɗa cikin abin shan mutum, ya nutsar da shi sa'an nan ya fitar da shi ya yar, domin akwai cuta a fiffikensa ɗaya, akwai magani a ɗayan. Hadisin ingantacce ne, ba mai jayayya da wannan a cikinmu. Amma me malamai suka fitar daga cikinsa? Hukuncin da malaman fiƙihu suka ɗauka shi ne, halittar da ba ta da jini mai gudana ba ta najasantar da ruwa ko abinci in ta mutu a ciki. Haka yake a mazhabarmu ta Malikiyya. Wannan sauƙi ne daga Shari'a, domin da an ce duk abin da ƙuda ya faɗa wa ya zama najasa, da mutane sun shiga ƙunci mai tsanani.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, Hadisin da kansa ya tabbatar da cewa ƙuda na ɗauke da cuta. Na biyu, yana magana ne a kan ƙudan da ya riga ya faɗa, bai ce a bar ƙwarya a buɗe don ya faɗa ba. Manzon da ya faɗi wannan, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya yi umurni, a Hadisin Jabir wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, da a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a ambaci sunan Allah, har ya nuna cewa in ba a sami murfi ba a gitta ko da kara ne a kai. A ruwayar Muslim ya bayyana dalili, cewa annoba kan sauka ta shiga mazubin da ba a rufe ba. Wanda ya riƙe Hadisin farko ya watsar da na biyu bai yi wa Sunna adalci ba. Haka kuma wanda ya ce ai cuta daga Allah take, sai mu ce masa gaskiya ne, amma ya tuna da mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙumarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

Abin da ke kan maigida da uwargida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Korar ƙuda da mafici ba ta ƙarewa muddin wurin haihuwarsa na nan. Saboda haka aikin farko shi ne masai. A yi masa murfi wanda ya rufe ramin sosai, a riƙa zuba toka, kuma in da hali a sa masa bututun iska mai raga a bisa. Bayan gidan ƙananan yara a kwashe shi nan take a zuba cikin masai, kada a ce ai na jariri ne ba kome. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsoratar da mu daga abubuwan da ke jawo la'ana, watau biyan bukata a kan hanyar mutane, da inuwarsu, da mashayarsu. Wanda ya tura ɗansa bakin kwatami ko kangon maƙwabci ya tsuguna, ya duba matsayinsa game da wannan gargaɗi.

Na biyu shi ne shara. A tara ta cikin mazubi mai murfi, a fitar da ita kullum, kada ta kwana biyu a tsakar gida. Mai tumaki ko awaki a gida ya share turke kowace safiya, ya kai takin nesa ko ya shanya shi ya bushe, domin tsutsa ba ta rayuwa a busasshen wuri. Ruwan wanke-wanke kada a bar shi ya kwanta. Na uku, a rufe abinci da faifai ko murfi, a rufe randa, a wanke kwanoni da zarar an gama ci, a wanke wa yara fuska da hannu da sabulu. Lokacin Babbar Salla kuwa, a haƙa rami a binne jini da abin da ke cikin tumbi. Bai dace a yi ibadar layya da safe, a cutar da maƙwabta da ɗoyi da ƙuda har mako guda ba.

Amanar da ke kan mai sayar da abinci

Nauyin mai sayarwa ya fi na maigida, domin shi jama'a yake ciyarwa, kuma mai saye ya amince masa ne a kan abin da bai gani ba. Malaman da suka rubuta a kan hisba, watau kula da kasuwa da ma'amalar jama'a, ba su bar wannan ba. Shaihu Shaizari, wanda ya rayu a ƙasar Sham a zamanin Sarki Salahuddini, ya kawo a littafinsa Nihayatur Rutba cewa mai kwaɓa gurasa ya rufe bakinsa, ya ɗaure goshinsa saboda gumi, kuma in da rana yake aiki a sami mai tsaya masa yana korar ƙuda. Fiye da shekara 800 ke nan. A nan Sakkwato ma, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, shugabannin jihadi sun naɗa muhtasibi mai sa ido a kan kasuwa, kuma shi Sarkin Musulmi Bello ya wallafa littattafai a kan magani da kiwon lafiya. Iyayenmu kuwa sun san duba-gari, wanda kan shiga gida ya buɗe randa ya leƙa masai. Ashe ba baƙon abu muke kira zuwa gare shi ba.

Don haka mahauci ya wanke teburinsa da wuƙaƙensa kullum, ya rufe nama da raga ko akwatin gilashi, ya kawar da ƙashi da jini kafin ya tashi. Mai kilishi ya shanya shi ƙarƙashin raga, nesa da juji. Mai tsire da balangu, da mai masa da ƙosai, da mai fura da nono, kowa ya rufe hajarsa, ya buɗe sai lokacin ɗiba. Mai gidan abinci ya sa raga a tagogi, ya nisanta kwandon shara daga madafa, ya sauya ruwan wanke kwanoni a kai a kai. Naman da koren ƙuda ya yi wa ƙwai har ya fara tsutsa, a kankare shi a sayar wa wanda bai sani ba, wannan algus ne. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya sa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai bayyana ta a sama ba, ya kuma nuna cewa mai algus ba ya cikinmu.

Akwai wata ɓarna da ta fi wannan muni, ita ce yayyafa maganin ƙwari irin su fiya-fiya da Sniper a kan nama, ko busasshen kifi, ko wake, don a kori ƙuda da tsutsa. Wannan guba ce da aka yi don gona, kuma tana lahanta mai ci. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa Hadisin da ya haramta cuta da cutarwa, wanda malamai suka mai da shi ginshiƙi a fiƙihu. Wanda ya sa wa abincin Musulmi guba yana sane, har wani ya halaka, ya shirya amsar da zai bayar gobe Ƙiyama. In feshi ya zama dole, a yi shi a bango da juji bayan an kawar da abinci, a kuma sani cewa feshi ba ya maye gurbin shara.

Kira ga shugabanni

Mutum ɗaya ba ya iya raba unguwa da ƙuda, ko da ya share gidansa sau goma, in jujin bayan katangarsa na nan. Muna kira ga limamai su sa wannan cikin huɗubobinsu, ga masu unguwanni da sarakunan pawa da shugabannin kasuwa su tsara ranar gayya, ga hukuma kuma ta kwashe shara a kan kari, ta wadata kasuwanni da mayanka da ruwa da makewayi. Malaman makarantun allo su ma su tanadar wa almajirai wurin kewayawa, domin amana ce a hannunsu. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda ya inganta a Hadisi, kuma wanda ya ɗauki tsintsiya da wannan niyya yana da lada.

Mai saye shi ma yana da nasa rabo. In ka ga abinci a buɗe ƙuda na yanyame da shi, ka yi wa mai shi nasiha da lafazi mai taushi, in bai ji ba ka wuce wurin wanda ya rufe nasa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kare mu da iyalanmu daga annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.